Andrew Foster: Kurman da ya buɗe wa kuramen Afirka ƙofar makaranta

Duk shekara idan hunturu ya fara ja da baya, bazara ta kunno kai da zafinta da ƙurarta, iyaye a ƙasar Katsina da Maraɗi da Damagaram sukan shiga zullumin cuta guda, wato sanƙarau. Takan kashe na kashewa, waɗanda suka tsira kuma da dama takan bar musu tabo, tabon da ya fi yawa kuwa shi ne ta tafi da jinsu. A annobar 1996 kaɗai fiye da mutum 100,000 ne suka kamu a Arewacin Najeriya, sama da 11,000 suka rasu. Wannan cutar ce ta kama wani yaro baƙar fata ɗan shekara 11 a Jihar Alabama ta Amurka a 1936, ta kurumtar da shi tare da ɗan'uwansa. Sunan yaron Andrew Jackson Foster. Ba suna ba ne da ya yi tashe a ƙasar Hausa, amma duk wanda ya taɓa ganin tafinta a gefen allon talabijin yana juya labarai da hannu, ko ya ga ɗaliban makarantar kurame suna hira da yatsu a tasha, to ya ga wani yanki na gadon da mutumin ya bari.

An haife shi ranar 27 ga Yuni, 1925, a Ensley da ke birnin Birmingham, mahaifinsa kuwa mahaƙin kwal ne. A wancan zamani doka ce ta raba fari da baƙi a Kudancin Amurka, daga makaranta zuwa motar haya, kuma rabon bai ƙyale ko nakasassu ba. Saboda haka da Foster ya rasa jinsa sai aka kai shi makarantar kurame da makafi ta baƙaƙen fata da ke garin Talladega, inda karatun bai wuce matakin ajin ƙarshe na firamare ba. Wariyar ta kai har hannuwan yara sun rarrabu: kuramen baƙaƙe, da yake ba sa cuɗanya da fararen, sai da suka samar da nasu salon ishara wanda masana ke nazarinsa a yau a matsayin kari mai zaman kansa.

Yana ɗan shekara 17 ya yi ƙaura zuwa Detroit, birnin ƙera motoci, a daidai lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya sa masana'antu ke neman ma'aikata ido rufe. Da rana yana aikin ƙarfi, da dare yana karatu, wani a aji wani ta hanyar wasiƙa. A 1950 ya samu difiloma a fannin akanta da harkar kasuwanci, a 1951 kuma ya kammala sakandare ta gidan waya, yana da shekara 26. A wata majami'a ta birnin ne ya ga jawabin wani ɗan mishan game da halin da kurame ke ciki a Jamaika, abin da ya fara karkata hankalinsa ga kuramen da ke wajen Amurka, musamman na Afirka.

Gadon da ya tarar

Ba za a gane muhimmancin aikin Foster ba sai an koma baya kaɗan. Wajen 1760 wani limamin Kirista a Paris, Charles-Michel de l'Épée, ya buɗe makaranta kyauta domin kurame. Hikimarsa ita ce bai ƙirƙiro musu harshe daga sama ba, ya fara ne da koyon isharar da kuramen birnin suke yi tsakaninsu, sannan ya gina koyarwa a kanta. Daga wannan makaranta ne wani malami kurma, Laurent Clerc, ya bi Thomas Gallaudet zuwa Amurka a 1816, suka buɗe makarantar Hartford a 1817. Isharar Faransa da Clerc ya zo da ita ta gauraya da wadda yara suka zo da ita daga gidajensu, daga nan aka samu harshen ishara na Amurka. A 1864 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a takardar kafa kwalejin kurame a Washinton, wadda daga baya aka raɗa wa sunan Gallaudet.

Sai kuma aka yi koma-baya. A 1880 malaman kurame suka yi babban taro a birnin Milan na Italiya, kusan dukkansu masu ji, suka yanke cewa a daina koyarwa da hannu, a tilasta wa yaro ya karanci motsin leɓe ya kuma yi magana da baki. Wakilan Amurka sun ƙi amincewa, amma rinjaye ya yi halinsa. Malamai kurame suka rasa aiki a ƙasashe da dama, aka riƙa hukunta yara idan an kama su suna ishara, aka ɓata shekarun ƙuruciyarsu wajen koya musu furta sautin da ba su taɓa ji ba, lissafi da tarihi da sauran ilimi suna jira. Sai a 2010, shekara 130 bayan nan, magadan wannan taro suka fito a birnin Vancouver na Kanada suka nesanta kansu daga wancan hukunci. Kwalejin Gallaudet tana cikin wuraren da ishara ta ci gaba da rayuwa duk tsawon wannan lokaci.

Can Foster ya nufa. An sha mayar da takardarsa saboda launin fatarsa, bai fasa turawa ba, har aka karɓe shi a 1951 tare da tallafin karatu. Karatun shekara huɗu ya gama shi cikin uku, ya fita da digiri a fannin ilimi a 1954, shekarar da Kotun Ƙolin Amurka ta haramta wariya a makarantun gwamnati. Shi ake ƙirgawa a matsayin baƙar fata na farko da ya samu digiri a kwalejin. Bai tsaya nan ba: ya yi digiri na biyu a Michigan a 1955, ya ƙara wani a Seattle a 1956 kan aikin mishan. Digiri uku ke nan cikin shekara biyar, ga mutumin da aka yanke wa cewa ajin ƙarshe na firamare ya ishe shi.

Ƙungiyoyin mishan da ya nema su tura shi Afirka ba su karɓe shi ba. Maimakon ya ci gaba da ƙwanƙwasa ƙofar da ba za a buɗe ba, sai ya kafa tasa ƙungiyar a Detroit a 1956, ya shiga zagaye garuruwa yana jawabi yana tara gudummawa.

Daga Osu zuwa Ibadan da Kaduna

Ya sauka a Gana a 1957, shekarar da ƙasar ta samu mulkin kai a ƙarƙashin Kwame Nkrumah. A lokacin makarantun kurame 12 ne ake ƙirgawa a faɗin nahiyar, kusan dukkansu a Arewacin Afirka da Afirka ta Kudu. Ana ba da labarin cewa wasu jami'ai sun nuna masa babu isassun yara kurame da za a buɗe wa makaranta. Ba lallai ne ƙarya suke da gangan ba, yaron da aka ɓoye a gida ba ya shiga lissafin hukuma. Foster ya ari aji a wata makarantar mishan da ke unguwar Osu a Accra, birnin da fataken Hausa ke kira Ankara, yana koyarwa da yamma bayan yara masu ji sun tashi, ƙanana da fari, manya daga baya. Kafin a jima masu jiran gurbi sun kai ɗaruruwa. A 1959 makarantar ta koma Mampong-Akwapim ta zama ta kwana, tana nan kuma har yau.

A wannan shekara ce ya halarci taron kurame na duniya a Wiesbaden ta Jamus, inda ya haɗu da Berta Zuther, Bajamushiya kuma kurma. Sun yi aure a Najeriya a 1961, suka haifi 'ya'ya biyar. Berta ta kasance abokiyar aiki ta gaske, ba matar gida kawai ba, domin koyarwa da riƙon ofis da rubuta wasiƙun neman tallafi duk sun ratsa ta hannunta.

Najeriya ya shigo ta a 1960, shekarar 'yancin kai, ya buɗe makaranta a Ibadan. Kaduna da Inugu suka biyo baya a farkon shekarun 1960. Ba shi ne ya fara koyar da kurame a ƙasar ba, domin akwai makarantar Wesley a Legas, amma ita ta ginu ne kan tafarkin magana da baki irin na Turawan Ingila. Abin da Foster ya zo da shi daban ne: a yi amfani da duk abin da zai isar da saƙo, hannu da fuska da rubutu da harrufan yatsu, har da murya ga mai iyawa. Sannan shi kansa hujja ne mai tafiya da ƙafa. Uban da ya ɗauka cewa ɗansa kurma iyakarsa bara ko dako, sai ga shi gaban baƙar fata kurma mai digiri uku, yana shugabantar makaranta, yana zama da ministoci.

Inda ya fi nuna hangen nesa shi ne batun malamai. Bai yarda aikin ya rataya a wuyansa shi kaɗai ba. Yakan zaɓi haziƙai cikin kurame ya horar da su, ya miƙa musu makaranta, ya wuce gaba. Wasu ya nema musu gurbi a Gallaudet, cikinsu har da Seth Tetteh-Ocloo na Gana da Gabriel Adepoju na Najeriya. A 1970 kwalejin ta ba shi digirin girmamawa. Daga shekarun 1970 ya juya ga ƙasashen da Faransa da Beljiyam suka raina. Ya buɗe makaranta a Abidjan a 1974, sai Chadi da Togo da Benin da Senegal da Kamaru da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Burkina Faso da Gabon da Burundi da Zayar. Cibiyarsa ta Ibadan ta zama matattara: matasa kurame daga waɗannan ƙasashe sukan zo su yi kwas, su koma gida su buɗe aji. Jimillar makarantun da ake jingina masa ta kai 32 a ƙasashe 13.

Foster ɗan mishan ne, bai kuma taɓa ɓoye hakan ba. A wurinsa aji da majami'a tafiya ɗaya suke yi. A Arewa, inda Musulmi suka fi yawa, yaɗuwar makarantun kurame ta zo ne ta hannun gwamnati. Shirin ilimin firamare ga kowa na 1976 da manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 sun sa jihohi buɗe makarantu na musamman. A 1977 aka buɗe ta Tudun Maliki a Kano, a shekarar kuma aka kafa kwalejin horar da malaman ilimi na musamman a Oyo. To amma malaman da suka shiga waɗannan azuzuwa da isharar da ta samo tushe daga Ibadan suka shiga. Ta haka harshen ya rabu da mishan ɗin da ya kawo shi, ya zama na kowa, har ga shi a yau ana fassara huɗuba da wa'azi da shi.

Abin da ya tarar a ƙasa

Kuskure ne babba a ɗauka cewa kuramen Afirka ba su da harshe kafin 1957. A ƙasar Hausa akwai maganar hannu, wadda wasu ke kira maganar bebaye, kuma ba wanda ya kawo ta daga ƙetare. Ba a makaranta ake koyonta ba. Yaro yakan tsince ta ne wurin manyan kurame, a dandali da kasuwa da wurin sana'a, kamar yadda kowane yaro ke tsintar harshen uwa. Ba Hausa ba ce da aka mayar kan yatsu, tana da nata tsarin jimla da nata ƙa'idoji, ko da yake ta ɗebi da yawa daga isharar da Bahaushe mai ji yake yi yau da kullum. Wannan ne ma ya sa masu ji da dama, musamman 'yan kasuwa, kan iya ciniki da kurma ba tare da tafinta ba. A Kano har sarautar Sarkin Bebaye akwai, kamar yadda ake da Sarkin Makafi, alamar cewa al'umma ta san da zaman kurame a matsayin jama'a mai shugabanci. Wata masaniyar harshe Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta yi shekaru tana nazarin wannan harshe a Kano, aka buga littafinta a Hamburg a 2000, daga baya kuma ta yi rubutu tana tambayar ko maganar hannu za ta tsira daga mamayar isharar Amurka.

Tambayar tana da tushe. Harshen da ake koyarwa a aji, ake ba da takardar shaida da shi, ake samun aiki da shi, shi ne yake samun daraja. Ɗalibin da ya dawo hutu yakan fara kallon isharar kakansa a matsayin ta ƙauye, ta waɗanda ba su yi boko ba, kamar dai yadda wasu 'yan boko suka taɓa kallon Hausa a gaban Turanci. A Gana an ga yadda abin ke ƙarewa. Ƙauyen Adamorobe, wanda ba shi da nisa da Mampong, ya daɗe da yawan kurame har ya samar da harshen ishara nasa wanda masu ji ma suke yi. Foster ya ziyarci ƙauyen ya yi wa'azi. Yau yaran Adamorobe a Mampong suke karatu, sun fi sakewa da isharar makaranta, harshen ƙauyen kuwa yana hannun tsofaffi. A Najeriya ma masana sun rubuta labarin wata isharar ta daban a ƙasar Bura, kusa da Biu.

Shin laifin Foster ne? Adalci shi ne a auna shi da zamaninsa. A shekarar da ya buɗe makarantar Ibadan ne William Stokoe, malami a Gallaudet, ya fitar da binciken da ya fara tabbatar wa masana cewa ishara harshe ce cikakkiya, kuma ko a can sai da aka yi masa dariya. Babu ƙamus ko littafin nahawu na wata isharar Afirka da Foster zai ɗauka ya koyar da shi. Ya ba da abin da yake hannunsa, a lokacin da zaɓin da ke gaban yaro shi ne ko magana da baki ta dole ko zaman gida. Duk da haka ba a rasa abin cewa ba. De l'Épée ya fara ne da zama ɗalibin kuramen Paris. Da an yi wa isharar Kano da ta Adamorobe irin wannan ladabi tun farko, da wataƙila yau da su ake koyarwa. Nauyin ya fi hawa kan waɗanda suka zo daga baya, masu ma'aikatu da jami'o'i da kasafin kuɗi, waɗanda suka samu shekara 60 ba su mayar da maganar hannu cikin aji ba.

Babu inda wannan tarihi ya fi fitowa fili kamar bakin iyaka. A ɗauki Riko da ke Ƙaramar Hukumar Jibiya, inda mutanen tsallake da na gida dangi ne, aure ɗaya, kasuwa ɗaya, sanƙarau ma ba ta tambayar fasfo. Idan yaron Riko ya kurumce aka yi sa'a ya samu gurbi a makarantar kurame ta Malumfashi, da Turanci zai yi rubutu. Ɗan'uwansa na wajen Ɗan Isa da aka kai Maraɗi da Faransanci zai yi. A takarda sun rabu, amma a hannu suna kusa, domin isharar makarantun ɓangarorin biyu daga tushe ɗaya take. Bambancin yakan fito ne a alamomin da ake ginawa kan harafin farko na kalma: a isharar Amurka, alal misali, alamar ruwa da siffar harafin W ake yin ta saboda kalmar Turanci, a ƙasashen Faransanci kuwa an sauya irin waɗannan harrufa domin su dace da kalmominsu. Abin mamaki a nan biyu ne. Najeriya da Ingila ta raina ba ta gaji isharar Ingila ba, wadda ke rubuta harrufa da hannu biyu kuma ta sha bamban da ta Amurka. Ƙasashen da Faransa ta raina kuma sun karɓi ishara mai jinin Faransa, amma sai da ta zaga ta Hartford da Washinton da Ibadan kafin ta iso gare su. Idan yaran biyu suka shiga kasuwar Jibiya za su sayi goro ko su yi cinikin akuya, da maganar hannu ta gida za su yi, domin ita mai kaya ya sani.

Mafi yawan yara kurame na karkara ba sa kaiwa ko Malumfashi ko Maraɗi. Allurar rigakafin sanƙarau da aka fara a Nijar a 2010 da Najeriya a 2011 ta karya lagon nau'in cutar da ya fi yin annoba, amma wasu nau'o'in sun ci gaba da ɓulla, ga kuma ƙyanda da ciwon kunne da ba a kula da shi ba. Dokar hana nuna wa nakasassu wariya da aka sa wa hannu a Janairun 2019 tana nan a rubuce, sai dai har yanzu kurma kan je asibiti ko ofishin 'yan sanda ko kotu ya rasa mai fassara masa, sai ɗan'uwan da ya rako shi, wanda wani lokaci shi ne abokin shari'ar.

Foster bai yi ritaya ba. Yana da shekara 62 yana ci gaba da yawo tsakanin makarantunsa, yawanci a ƙananan jirage da motocin haya. Ranar 3 ga Disamba, 1987, ya samu gurbi a wani ƙaramin jirgin sama da zai tafi Kenya. Jirgin ya faɗi a Ruwanda, kusa da Gisenyi, ba wanda ya tsira. Berta ta ci gaba da riƙe ƙungiyar bayansa, makarantu da dama kuma tuni gwamnatoci suka karɓe su ko suka koma hannun ɗalibansa. A 2004 Jami'ar Gallaudet ta raɗa wa babban ɗakin taronta sunansa, ƙungiyar kurame baƙaƙen fata ta Amurka kuma ta ba da mutum-mutuminsa aka ajiye a wurin.